Ai Shafawa Ake Yi, Ba Sha Ba: Fashin Baƙi Kan Yadda Mai Ke Ratsa Fata Ya Isa Jini

Saura kwana goma a ɗaura auren 'yar goggona na je ƙauyenmu da ke ƙasar Taura. Watan Afrilu ne, irin zafin nan da ko kaza sai ta buɗe baki ta saki fukafukai. Na tarar an killace amarya a ƙuryar ɗaki mai rufin kwano ana mata gyaran jiki. An dirje ta da dilka har fatarta na sheƙi, an yi mata halawa a hannu da ƙafa, sannan mai gyaran ta jawo wata farar roba, ta lakato wani mai ruwan ƙwai mai kauri ta mulke ta da shi tun daga wuya har idon sawu. Da ta gama sai ta naɗe mata damatsa da ƙwauri da leda, ta zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno, kaskon turare a ƙarƙashi, aka lulluɓa mata bargo.

Na ɗauki robar na jujjuya. Babu suna, babu lamba, babu ranar da aka yi shi. Na ce, "Goggo, wannan man daga ina?" Ta ce, "Haɗi ne, 'yar nan. Ita ta haɗa da kayan da aka sayo mata a Gujungu ranar Lahadi. Ai shafawa ake yi, ba sha ba. Me zai yi mata?"

Ban ga laifin Goggo ba, don su kansu likitoci sun daɗe suna ɗaukar fata kamar salka, abin da ke waje yana waje. Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a makarantar 'yan mata, kuma tambayar da ta yi mini tana da amsa. Akwai fanni sukutum da aikinsa ke nan: a auna, ko a yi hasashe tun kafin a auna, nawa ne daga abin da aka shafa zai ratsa fata ya shiga jini. A kan wannan hasashen ake dogara a ce man kaza ba shi da illa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk sharuɗɗan da aka gina hasashen a kansu, a ɗakin nan na ga an karya su ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara da ita fatar. Ta babban mutum, in aka shimfiɗa, ta kusa murabba'in mita biyu, kwatankwacin tabarmar kaba ta mutum ɗaya. Amma mai gadin na gaskiya wani siririn ɓawo ne a can sama, wanda a yawancin jiki kaurinsa bai wuce maikuromita 10 zuwa 20 ba, wato bai kai rabin silin gashi ba. Shi ne ke yin furu-furu da hunturu, shi ne ke saɓa. Masana suna kwatanta shi da katangar tubali. Matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, an jera su sahu goma sha biyar zuwa ashirin, kitse kuma shi ne kwaɓin da ke tsakaninsu. Duk wanda ya zauna a ginin ƙasa ya san damina ta layin kwaɓi take fara cin katanga. Haka sinadari yake yi, ta cikin kitsen nan yake kurɗawa, yana kwana yana lanƙwasa tsakanin tubali da tubali. Mutane sun fi zargin ƙofofin gashi da na gumi, alhali duka-dukansu ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin fata ba. Suna da nasu tasirin, musamman a mintunan farko, amma babbar hanya ita ce ta kwaɓin.

Da zarar abu ya tsallake katangar sai ya faɗa rayayyen nama mai ruwa-ruwa, ƙasa kaɗan kuma ga siraran jijiyoyin jini suna jira. Abin da aka haɗiya sai ya bi ta hanta ta rage masa ƙarfi kafin ya zaga jiki. Wanda ya shiga ta fata kuwa bai biya ta wannan shingen ba. Shi ya sa masu haɗa magani suka mai da fata ƙofa: a 1979 aka amince da filastar magani ta farko a Amurka, ta hana amai da jiri a tafiya, daga baya aka yi ta nikotin don masu son barin taba. Mu ma muna da shaidarmu a gida. Manomin rani da ya wuni yana feshi a fadamar Hadejia ko a Kadawa, tankin na ɗiga a bayansa, ya dawo da ciwon kai da tashin zuciya da yawu na zuba, bai kurɓi komai ba. Haka yarinyar da aka zuba wa fiya-fiya a ka don ƙwarƙwata.

Sai dai ba kowane sinadari ne ke iya wucewa ba, kuma a nan hasashe ya samo tushe. Abu biyu ne suka fi yanke hukunci.

Na farko girman ƙwayar sinadarin, wanda ake aunawa da ma'aunin dalton. Ruwa 18 ne. Haidurokwinon, wanda ke cikin yawancin man bilicin, 110. Nikotin 162. A shekarar 2000 wasu likitocin fata biyu a Holan, Bos da Meinardi, suka lura cewa kusan duk abin da ke jawo borin fata da duk maganin shafawa da ke aiki nauyinsa bai haura 500 ba, sai abin ya zama ƙa'ida: wanda ya wuce 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Kolajin da ake rubutawa da manyan baƙi a jikin roba don a tsauwala kuɗi, nauyinsa wajen 300,000 ne. A sama yake zama, ya riƙe danshi, a wanke shi da safe.

Na biyu shi ne ko sinadarin ɗan mai ne ko ɗan ruwa. Ina nuna wa ɗalibaina wannan da kwalba: mu zuba ruwa da man gyaɗa, mu sa gishiri, mu girgiza, gishirin ya tafi cikin ruwa. Mu sa garin barkono, jan ya haye cikin mai. A ɗakin gwaji da wani mai da ake kira oktanol ake yi, a auna nawa ya tafi sama nawa ya zauna ƙasa. Wanda ruwa kawai yake so, kitsen katanga ba zai karɓe shi ba. Wanda mai kawai yake so zai shiga katangar ya yi zamansa, ya ƙi fita zuwa naman da ke ƙasa. Mai wucewa salin-alin shi ne wanda ya iya da kowanne, kamar ɗan kasuwar Maigatari da ke riƙe da naira a aljihu ɗaya, sefa a ɗayan. Galibi wanda son mansa ya ninka son ruwansa sau goma zuwa sau dubu shi ya fi saurin ratsawa.

To ta yaya ake sanin adadin? Da can a jikin dabbobi ake gwadawa, a aske bayan ɓera ko zomo a shafa, a bi fitsari da jini. Hanyar tana da aibi biyu. Fatar ɓera ta fi ta mutum saurin zuƙa nesa ba kusa ba, ga kuma azabtar da dabba saboda kwalliya. Tarayyar Turai ta hana gwada kammalallen kayan kwalliya a kan dabba a 2004, ta hana gwada sinadaransu a 2009, sannan daga 11 ga Maris 2013 ta hana sayar da duk wanda aka gwada ta wannan hanya. Wannan hanin shi ya tilasta wa kamfanoni da masana su zage damtse a kan wasu hanyoyin.

Babbarsu ita ce kwalbar Franz, wadda wani likita Ba'amurke, Thomas Franz, ya bayyana a 1975. Ku ɗauka ƙananan kofunan gilashi biyu ne aka haɗa baki da baki, aka ɗaure 'yar fata a tsakaninsu kamar fatar kalangu. Fatar ta mutum ce, wadda aka yanke a tiyata, misali ta rage teɓa, da izinin mai ita, a fere ta har kaurinta ya gaza rabin milimita. Inda babu, da fatar kunnen alade ake yi, don ita ta fi kama da tamu a wannan fuska. A kofin sama ake shafa man, daidai yadda mutum zai shafa. Na ƙasa cike yake da ruwan da ke wakiltar jini, da ɗan maganaɗisu yana juya shi. Ana riƙe zafin fatar a digiri 32, wato zafin saman fatar mutum a ɗaki mai sanyi-sanyi. Ana ɗibar ruwan ƙasa lokaci-lokaci har awa 24. Daga nan a wanke saman a auna abin da ya rage, a bi fatar da salatif ana ɓamɓaro ɓawon sahu-sahu a auna abin da ya maƙale, a narka sauran a auna. Dole jimillar ta dawo kusa da abin da aka shafa tun farko, in ba haka ba a zubar da gwajin. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ta mai da wannan hanya ƙa'ida mai lamba 428 a 2004, kwamitin Turai mai duba lafiyar kayan kwalliya kuma yana neman a yi da yanki takwas na fata daga aƙalla mutum huɗu, domin fatar wani ba ta wani ba ce.

Aiki ne mai kyau, amma yana cin lokaci da kuɗi, fatar kuma ba ta samuwa kullum, ga sinadaran kwalliya dubbai. Akwai fatar da ake rainonta a ɗakin gwaji daga ƙwayoyin mutum, irin su EpiDerm da EpiSkin. An amince da su wajen gane abin da ke ƙona fata ko sa ta ja, amma katangarsu ta fi ta gaske rauni, don haka ba a dogara da su kaɗai wajen auna zuƙa. Shi ya sa aka koma ga alƙalami.

A 1990 wani masani, Gordon Flynn, ya tattara sakamakon gwajin sinadarai kusan casa'in da aka yi a fatar mutum. Bayan shekara biyu, a 1992, Russell Potts da Richard Guy suka fitar da lissafi daga ciki wanda har yau shi ne bakandamiyar fannin. Abu biyun nan kawai yake nema, nauyi da son mai. Ma'anarsa a sauƙaƙe: duk ƙarin dalton 100 yana rage saurin ratsawa kamar sau huɗu, duk ninkin son mai sau goma kuma yana ƙara shi kamar sau biyar. Ɗalibar aji shida za ta iya buga shi a wayarta. Ya iya bayyana kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin waɗancan sinadarai, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga lissafi mai layi ɗaya. Amma sulusin da ya rage yana da faɗi, don hasashen kan kauce wa gaskiya da ninki goma a wasu sinadaran.

Yanzu kwamfuta ta karɓi aikin. Ana ba ta siffar ƙwayar sinadari da zafin da yake narkewa da yadda yake kama ruwa, ta koya daga tsofaffin sakamako ta yi hasashen sabo. Wasu manhajojin har suna bin sinadarin sahu-sahu cikin fata, su miƙa shi ga jini da hanta da ƙoda, su faɗi nawa zai kasance a jiki bayan awa kaza. Sai dai kwamfuta da abin da aka ciyar da ita take girma, abincin kuma kaɗan ne. Sinadaran da aka auna a fatar mutum da kyau 'yan ɗaruruwa ne, a ɗakunan gwaji daban-daban, da hanyoyi daban-daban. Shi ya sa aikin da aka wallafa a 2020, inda aka auna sinadaran kwalliya 56 da hanya iri ɗaya, ya zama abin murna a fannin. Mafi yawan tsofaffin gwaje-gwajen ma a cikin ruwa zalla aka narka sinadarin, alhali babu mai shafa ruwa zalla. Abin da aka kwaɓa sinadarin a ciki yana iya sauya labarin gaba ɗaya: sifirit da sabulu da wani ruwa mai yauƙi da ake kira furofilin gilaikol duk suna sassauta kwaɓin katanga. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada man kariya daga rana a jikin mutane, ta tarar sinadarai huɗu da aka yi shekaru ana shafawa sun shiga jini fiye da iyakar da ta sa, wato rabin nanogiram a kowace mililita. Ba ta ce suna cutarwa ba, ta ce sai an ƙara bincike. Ƙasar da ke da komai ke nan.

Sanin nawa ya shiga rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a gwama shi da adadin da ke cutarwa. Ga yadda kwamitin Turai ke yi. Yana ɗauka mutum kilo 60 ne, kuma yana shafa giram 7.82 na man jiki a rana, ko giram 1.54 na man fuska. Mu ce akwai wani sinadari kashi 2 cikin 100 a man jikin. Miligiram 156 ke nan a kan fata. In babu gwaji, sai a ɗauka rabi ya shiga, 78. A raba da kilo 60, ya ba da miligiram 1.3 ga kowane kilo a rana. Sai a duba mafi yawan adadin da bincike ya nuna ba ya illa, a tabbatar ya ninka wannan aƙalla sau 100. Goma na ninkin don bambancin dabba da mutum, goma don bambancin mutum da mutum. In tazarar ta kai ɗari a ce bismilla, in ba ta kai ba a rage sinadarin ko a hana shi.

Lissafi ne na masu hankali, ina kuma girmama shi. Amma ku dawo ɗakin amaryarmu ku riƙe shi a hannu.

Lissafin ya ce an san abin da ke cikin man da adadinsa. Na lallaɓa mai gyaran, mace mai kirki wadda da sana'ar take ciyar da marayunta, na ce, "Yaya, don Allah me da me kika sa?" Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce basilin, da man kaɗe, da wata 'yar kwalbar mai mai ƙarfi, da tib huɗu da ake saya a kemis. Ta zaro mini ɗaya daga cikin jaka, an matse shi tas. Na karanta: kulobetasol, kashi 0.05, giram 30. Wannan sitiroyid ne na ajin ƙarshe a ƙarfi, wanda likitan fata ke bayarwa don cuta mai taurin kai, a ɗan wuri, na ɗan lokaci. Takardarsa ta ce kada a wuce giram 50 a mako, kada a wuce mako biyu a jere, kada a sa a fuska ko hammata ko matse-matsi, kada a rufe wurin. Ta kuma ce giram 2 kacal a rana ya isa ya danne aikin ƙananan gaɓoɓin nan da ke kan ƙoda, masu samar da sinadarin da jiki ke jure wahala da shi. Tib huɗu giram 120 ne. A kwana goma sha biyun da gyaran zai ɗauka, giram 10 ke nan kullum, 70 a mako. Nauyin ƙwayarsa 467, ƙasa da 500, kuma ɗan mai ne sosai. Duk lissafin da aka buga zai ce wannan mai wucewa ne.

Lissafin ya ce fatar lafiyayya ce, katangarta a tsaye. Dilka da halawa kuwa aikinsu ke nan, su kankare sahun sama. Abin da mai bincike ke yi da salatif don ya raunana fata da gangan, shi muke yi da sukari da lemon tsami kafin mu shafa mai. Ni ba na adawa da dilka, al'ada ce mai kyau kuma fata na maido da kanta cikin 'yan kwanaki. Abin da ake ɗorawa a kai a cikin waɗannan kwanakin shi ne magana.

Lissafin ya ce man a buɗe yake, iska na bugunsa. Mu kuwa mun naɗe da leda. Kakanninmu sun riga masana gane wannan sirri, don da shi ake ƙunshi. Me ya sa ake zura hannu a zunguru, ko a ɗaure ƙafa da ganye da tsumma a kwana? Saboda rufi na tara gumi, ɓawon fata ya jiƙa ya kumbura, lalle ya kama. Abin da ke sa lalle ya yi jawur shi ne ke sa sitiroyid ya shige, kuma likitocin fata sun san rufi na iya ninka shigarsa har sau goma. Ku ƙara da zafi. An yi gwajin a digiri 32, mu kuwa watan Afrilu a Jigawa inuwa ma tana haura 40, ga kwano, ga garwashi, ga bargo. Zafi na sassauta kitsen katanga, ya buɗe jijiyoyin jini su yi ta kwashe abin da ya iso. Saboda haka ne ake gargaɗin masu manna filastar maganin ciwo kada su kusanci abu mai zafi, don an rasa rayuka ta haka.

Wurin da aka shafa ma magana ce. A 1967 Feldmann da Maibach suka shafa wani sitiroyid mai sauƙi a sassan jiki daban-daban suka bi fitsari. In aka ɗauki fatar da ke tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu ta ciki a matsayin ɗaya, tafin ƙafa kamar ɗaya bisa bakwai ne, hammata ta kusa huɗu, goshi shida, gefen muƙamuƙi goma sha uku, fatar marainan namiji arba'in da biyu. Wuraren da mata suka fi nacewa don su yi haske, fuska da wuya da hammata da cinyoyi, su ne ƙofofin da suka fi faɗi. Shi kuma sitiroyid da kansa yana sirantar da fata, har jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsage. Wato kullum aka shafa, katangar gobe ta fi ta yau rauni, abin da zai shiga gobe ya fi na yau yawa. Babu lissafin kamfani da ya tanadi wannan, don ba a yi maganin don a yi shekara ana shafawa ba. Ƙarshensa kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, ciwon da ba ya warkewa bayan tiyatar haihuwa. Wadda ta daɗe a kai kuma kada ta yanke rana ɗaya, ta je asibiti a janye mata a hankali, don yankewar gaggawa ma haɗari ce.

Akwai masu cewa ai baƙar fata tauri gare ta. Launi kariya ne daga rana, gaskiya ne. Amma binciken da aka yi kan ko baƙar fata ta fi hana sinadari wucewa ya saɓa wa juna, kuma bambancin da ke tsakanin goshi da tafin hannun mutum ɗaya ya fi wanda aka taɓa samu tsakanin baƙar fata da farar fata.

Sauran abokan tafiyar kulobetasol a irin wannan haɗi sanannu ne. Haidurokwinon ƙarami ne, kuma da aka gwada mai kashi 2 a goshin mutane, kusan kashi 45 cikin 100 ya shiga jiki cikin awa 24. Tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana baƙin tabon da yake bari a kumatu in an daɗe ana shafawa, wanda ba ya fita. Sai zaiba, wadda likitoci a Nairobi suka danganta da ciwon ƙoda a jikin 'yan mata masu shafe-shafe tun 1972. Ita ba ta tsaya a kan mai shafawa ba, tana bin tawul da zanin gado da hannun da ke ba yaro abinci. Yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta fara ƙayyade ta a kashi ɗaya cikin miliyan, sannan a 2023 ƙasashe suka amince a hana ta kwata-kwata a kayan kwalliya bayan 2025. Dokar NAFDAC ta hana zaiba da sitiroyid a man kwalliya, ta kuma ce haidurokwinon kada ya wuce kashi 2. Duk wannan a kan abin da ya zo da suna da lamba yake aiki. Farar robar da aka haɗa a tsakar gida ba ta bi ta gaban kowa ba.

Inda zuciyata ta fi karaya shi ne yara. Lissafin na mai kilo 60 ne. Jariri sabon haihuwa, in aka gwama faɗin fatarsa da nauyinsa, ya ninka na babba fiye da sau biyu, hantarsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, bakwaini kuma katangarsa ma ba ta gama ginuwa ba. Ga kunzugu ko famfas da ke yin aikin leda dare da rana. A Faransa a 1972 an yi kuskure wajen haɗa hodar jarirai, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai suna heksakulorofin ya shiga da yawa, jarirai 36 suka mutu. Hoda ce, shafawa aka yi. Ina tuna wannan duk ranar da na ga uwa ta lakaci man da take shafawa ta goga wa ɗiyarta don kada dangin miji su ce ta fi 'yan uwanta duhu. Ko jan lalle, da ba shi da laifi ga manya, likitoci a ƙasashen Larabawa da Turkiyya sun ga ya farfasa jinin jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, mai kare jajayen ƙwayoyin jini, bayan an lafta musu a jiki, wannan ƙarancin kuwa yana da yawa a cikinmu, musamman ga maza. Baƙin lalle na dayis kuma wani abu ne daban. Sinadarin PPD ke cikinsa, nauyinsa 108, na rinin gashi ne, Turai ba ta yarda a zana shi a fata ba. In ya kama mutum sau ɗaya, zanen ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, to jiki ya riƙe shi ke nan har abada.

Wannan ilimin dai ba tsoratarwa kaɗai ya iya ba, yana wanke wanda ba shi da laifi. Man kaɗe da man shanu da man gyaɗa, ƙwayoyin kitsensu galibi sun haura dalton 500 sosai kuma 'yan mai ne tsantsa, don haka a sama suke zama su yi wa katanga yaɓe, kamar makuba a jikin soro. Basilin ma haka. Da hunturu, lokacin da kaushi da faso suka tsattsaga fata, su ne ke toshe ɓarakar. Tozali kuwa, wanda ake yi da dutsen da ke ɗauke da dalma, lissafi ya nuna da ƙyar dalmarsa ke ratsa fata. Haɗarinsa ta wata hanya yake zuwa, yaro ya murza ido ya kai hannu baki.

Abin da nake fata shi ne a yi wannan awon a nan, da yanayinmu. Kwalbar Franz gilashi ce, ba ta fi ƙarfin sashen haɗa magunguna na Jami'ar Bayero ko sashen sinadarai na Jami'ar Tarayya ta Dutse ba. A sayo haɗin da ake sayarwa a Gujungu da Wudil da Dambatta, a fara gano abin da ke ciki. Sannan a gwada shi a fatar da aka dirje, a ƙarƙashin leda, a zafin bazara, a kwatanta da abin da lissafin Potts da Guy ya faɗa. Sakamakon zai amfani har masu kwamfutocin can, don irin bayanan da ba su da shi ke nan. A kuma fassara shi da Hausa a kai wa masu gyaran jiki, domin mafi yawansu ba mugunta ce ta sa su ba, abin da suka ga yana aiki cikin mako ɗaya suke bi.

A ranar ban yi wa Goggo dogon bayani ba. Na nuna mata tib ɗin, na ce, "Goggo, wannan maganin asibiti ne, kuma ƙunshi kuka yi mata da shi. Yadda lalle ke kama hannu in an ɗaure, haka yake kama jininta." Ta yi shiru tana kallon ledar. Kwana biyu kacal aka yi ana shafawa, don haka babu fargabar tsayarwa. Ta tashi da kanta ta yaye bargon, ta warware ledar, gumi na tsiyaya daga damatsan yarinyar, ta aika a ɗebo ruwa a randa. Sauran kwana goman da kurkur da man kaɗe da turare aka ƙarasa su.

Mai gyaran ta rako ni har zaure. Ta ce, "Malama, in na cire tib ɗin ba za su ga haske ba, wajen wata za su koma." Robar na hannunta, ta rufe ta da kyau ta sa a jaka. Ta ce akwai amare uku da ke jiranta kafin Babbar Salla.